Motar da Ta Ƙi Durƙusa wa Iya

Daren jiya na yi wani irin mafarki, kuma motata ce ta ja min shi. Amma bari in fara da abin da ya faru da rana, kada a ce tuwon dawa ne ya yi min nauyi a ciki.

Sunana Dalhatu, ni ne ɗan farin Iya. Wanda ya san mutanenmu ya san abin da hakan ke nufi. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta kallona ido cikin ido, ba ta miƙa min abu hannu da hannu. In tana son goro, sai ta dubi bango ta ce, "Goro dai ya ƙare a gidan nan." Ni kuma in amsa wa bangon da "To." Ana yaye ni aka kai ni ƙauyen Gawasa wurin yayarta, Yakumbo Tabawa, ita ta raine ni. Yakumbo kuwa babu ruwanta, tun daga bakin rijiya take ƙwala min kira duk ƙauye ya ji.

Jiya da hantsi aka bugo waya cewa jikin Yakumbo ya yi tsanani, ba ta ci ba ta sha, sai tambayar ƙanwarta. Gawasa tana bayan fadama, da damina ƙaramar mota ba ta isa ta doshi wurin ba. Ban damu ba, don saboda irin wannan hanya na sayi jif ɗin. Ba ƙatuwa ce can ba, tsaka-tsaki ce, ruwan toka, kujerunta na fata, tayoyin nan huɗu duk suna ja. Kusa da giya akwai wani maɓalli da ake murzawa, ga hoton yashi, ga na laka, ga na duwatsu. Da mai sayarwa ya ce a ɗaura mata matakala a gefe, ni na hana da bakina, na ce matakala kama ƙasa take yi a daji. Har wani daɗi na ji da na faɗi haka, kamar wanda ya san daji.

Da la'asar Iya ta fito da ƙullin kayanta. Na buɗe mata ƙofar baya. Ta ɗaga ƙafa, gwiwa ta ƙi. Ta kama murfin ƙofa ta sake yunƙurawa, ta dawo. Matata tana Kaduna wurin 'yarmu da ta haihu, gidan daga ni sai Iya. Na matso na miƙa hannu zan tallafe ta, ta ja da baya kamar na miƙo mata garwashi. Ta dubi taya ta ce, "A fasa. Allah bai nufa ba." Ta koma ɗaki ta sakaya ƙofa. Babu irin magiyar da ban yi wa ƙofar nan ba, ba ta amsa ba. Da abin a raina na kwanta.

A mafarkin rana ce tsaka, sai dai inuwar kowane abu a samansa take kwance. Motar tana tsakar gida inda na bar ta, amma ta ƙara tsawo, bakin ƙofarta ya kai daidai indararo. Iya tana tsaye a gindin taya da ƙullinta, suna hira. Muryar motar ta mace ce, a natse, irin ta masu karanta sanarwa a rediyo.

Iya ta ce, "Ki gaya wa mai ke, rana tana yi."

Motar ta ce, "Dalhatu, an ce rana tana yi."

Na ce, "Na ji. Ki ce mata yanzu za mu tafi. Ke kuma ki ɗan rage tsawo ta hau."

"Ban iya ba. Hawa aka koya min. Ka ga katangar can?"

Kafin in ce wani abu ta kama katangar gidan ta haye, ta bi ta kan gilasan da aka kafa don ɓarayi, ta zaga, ta dawo tsakar gida ta tsaya, ko haki ba ta yi.

Na ce, "To ai ga shi kin sauko."

Ta ce, "Ba saukowa na yi ba. Ƙasa na hau."

Iya ta gyara mayafinta ta ce wa taya, "Yarinyar dai akwai ƙoƙari."

Sai ga ni a sakatariya, hawa na sama, a Ofishin Durƙuso. Awaki ne ke aiki a wurin, kuma ban ga abin mamaki a ciki ba, don sun fi wasu ofisoshin da na sani zuwa da wuri. Shugabar wata jar akuya ce mai tabarau, tana zaune bayan tebur tana tauna gefen labule.

Ta ce, "Me ke tafe da kai?"

"Ranki ya daɗe, motata nake so ta durƙusa."

"Laifi ta yi?"

"A'a. Mahaifiyata ce za ta hau."

"Ka ɗauke ta ka sa mana."

Na ce, "Ni ne ɗan fari."

Duk ofishin aka daina tauna. Wani bunsuru da ke bakin taga ya girgiza gemu ya ce, "Ayya." Shugabar ta cire tabarau ta ajiye, ta dube ni da tausayi.

Ta ce, "Mu namu ɗan farin lasarsa muke yi har sai ya gudu da ƙafarsa. Amma ku mutane ne, kun fi mu sani." Ta mayar da tabarau. "Durƙuso ya bar hannunmu, gwiwoyinmu sun yi kanta. An mayar da shi kasuwar raƙuma. Ka yi sauri, an fara kwashe ruwa."

Na leƙa ta taga. Ruwan sama ne, amma daga ƙasa yake tashi. Yana fita daga kududdufi, daga randunan bakin masallaci, daga wankin da aka shanya, yana hawa a tsanake. Mutane suna wucewa kowa ya kife lemarsa a ƙarƙashin ƙafa, hulunansu a bushe, wandunansu sharkaf.

Akuyar ta ce, "Da zarar ruwan ya gama hawa, ana naɗe hanyar Gawasa."

"A kai ta ina?"

"Ma'aji. Sai kuma baɗi, in an tuna."

Kasuwar raƙuma babu raƙumi ko ɗaya. Motoci ne irin tawa jere a ƙarƙashin bishiyoyi, baƙaƙe da farare, kowace an sa mata dabaibayi a tayoyin gaba. Tawa tana tsakiya, ta fi kowa tsawo. Mai koyar da durƙuson wani tsohon Buzu ne mai suna Agali, ya naɗe fuska da baƙin rawani, idanu kawai ake gani. Ya zaga motar, ya sa aka ɗaga shi ya buɗe bonet ya duba haƙoranta, ya sauko.

Ya ce, "Shekarunta ƙanana. Bari mu gani."

Ya kama madubin gefe ya ja ƙasa, yana wani irin tsaki a hankali. Nan take duk motocin kasuwar suka gurfana. Wani mai shayi ya gurfana da butarsa. Bishiyoyin ma suka lanƙwashe gindi suka zauna. Ni kaina da ƙyar na riƙe gwiwoyina. Motata kuwa tana tsaye tana kallon gabanta, har ta ɗan kunna fitila.

Agali ya saki madubin ya kakkaɓe hannu.

Ya ce, "Raƙumi yana gurfana don ya san kaya za a ɗora masa. Wannan gani take ita ce kayan."

"To yaya zan yi, Malam Agali? Ana shirin naɗe hanya."

"Ka tambaye ta. Ku masu mota ba ku tambaya, sai dai ku danna."

Sai ga ni a kujerar direba ban san yadda na hau ba. Sanyi yana busowa, fatar kujera tana ƙamshin sabunta. Na kama maɓallin nan na murza zuwa yashi, kasuwar ta koma rairayi har bakin ido. Na murza zuwa laka, mai shayi ya nutse zuwa ƙugu, bai fasa zuba madara ba. Na murza zuwa duwatsu, komai ya taurare. Na ƙara murzawa, maɓallin ya wuce inda ya saba tsayawa, sai ga wani hoto da ban taɓa gani ba, hoton baki a buɗe.

Na ce, "Wannan fa?"

Motar ta ce, "Shi ne na durƙuso."

"Kika ce ba ki iya ba!"

"Ban taɓa yi ba dai. Yana da sharaɗi. Sai fasinja ta faɗi sunan direba da bakinta, a ji."

"Saboda me?"

"Saboda tsaro. Kada a sace ka."

Na ce mata ta dubi girman Allah, ta ce haka aka ƙera ta. Na ce ni zan faɗa a madadin Iya, ta ce muryata ta riga ta sani. Na leƙa in nemi Agali ya sa baki, na tarar ya naɗe kasuwar ya saɓa a kafaɗa ya yi gaba.

Muna bakin fadama. Motar a tsaye, Iya a gefenta da ƙullinta a ka, ni a ƙasa tare da ita. Ruwan da ke hawa ya fara tsagaitawa. Daga bayanmu wasu kwaɗi ne sanye da hulunan kwano suke turo hanya a naɗe kamar tabarma. Tun daga gari suka naɗo ta, ta yi ƙaton gammo, ina hango kan wata motar haya da tallar wata mai gyaɗa sun leƙo ta gefe.

Babban cikinsu ya ce, "A ba mu wuri, bayin Allah."

Motar ta ce, "Ku naɗe abinku. Ni ba na bukatar hanya."

Kwaɗon ya ɗaga hularsa ya share goshi. "Ke ba kya bukata, Hajiya. Ƙauyen ne ke bukata. A bakin hanyar yake rataye, da shi muke naɗewa."

A lokacin na ji kiran. Daga can ƙetaren fadama yake zuwa, ta kan ciyayi da ruwa.

"Dalhatu! Kai Dalhatu!"

Muryar Yakumbo ce, irin ta bakin rijiya, sai dai ta sirance, kuma tana bin ruwan tana yin sama. Na tsaya ina saurare, sai na lura da wani abu da ban taɓa lura da shi ido biyu ba. A kasuwa Alhaji ake ce min. A gida Baba. Matata ma ta daɗe da mayar da ni Alhaji. Duk duniya mutum ɗaya ta rage da ke kiran sunana tsurarsa, ba ado ba tsoro, kuma ga muryarta can tana tafiya. Tsoro ya kama ni, irin na yaron da aka manta a kasuwa.

Motar ta juya fitilarta wajen Iya ta ce, "Iya, kin ji sharaɗin. Wane ne direba?"

Iya ta sauke ƙullin ta riƙe a ƙirji. Ta dubi ƙetaren fadama, ta dubi kwaɗin, ta dubi ƙasa.

Ta ce, "Mai gidan nan ne."

"Ba shi na tambaya ba."

"Yayan su Hadiza."

"Suna, Iya."

Ba zan ɓoye ba, na so in ji. Na buɗe kunnuwana duka biyu na tsaya ko numfashi ba na yi. Kwaɗin ma suka dakata, suka cire huluna. Leɓen Iya ya motsa, ya rufe, ya sake motsawa. Sai na dubi fuskarta, abin da ban saba yi ba. Gumi ne ke tsattsafo mata a goshi yana yin sama tare da ruwan. Tsohuwa ce da ake shirin yaye wa mayafi a gaban jama'a, kuma ta yarda a yaye, saboda 'yar'uwarta.

Tun ina yaro na ɗauka sunan nan ajiye shi ta yi ta manta inda ta sa. A bakin fadamar nan na ga ba haka ba ne. A bakinta yake tun ranar suna, riƙe shi take yi, kuma riƙon da nauyi. Kunya ta kama ni da na tsaya jiran wata mota ta ƙwace mata shi.

Na tattare babbar rigata na durƙusa a gindin ƙofar, gwiwa da tafin hannu a cikin laka, na miƙe bayana.

Can Iya ta ce wa motar, "Ki gaya masa zai ɓata rigarsa."

"Dalhatu, an ce za ka..."

"Na ji."

Ban tashi ba. Ina kallon laka, ina jin muryar Yakumbo tana ƙara nisa. Sai na ji ƙarar takalmin roba an cire, an ajiye a hankali. Sannan tafin ƙafa ya sauka a tsakiyar bayana. Da ɗumi, da kaushin faso, har ta cikin riga ina jin sa. Ɗayar ƙafar ta biyo. Nauyinta duka bai wuce na ƙwaryar gari ba, kuma wannan ya fi komai ba ni tausayi.

A ƙasar nan ashe in mutum ya durƙusa tsawo yake ƙarawa. Ina durƙushe na ji ina yin sama, na wuce taya, na wuce murfin tanki, har bayana ya zo daidai bakin ƙofa. Iya ta taka ta shiga ta zauna, ta gyara zani.

Motar ta ce, "Wannan ba ya cikin abin da aka koya min."

Babban kwaɗon ya mayar da hularsa ya ce, "To, a ci gaba da aiki."

Na murza maɓalli zuwa laka na taka. Nan motar ta nuna abin da aka yi ta dominsa, kuma ba zan ci amanarta ba, ta yi. Ta shiga fadamar nan kamar gidan ubanta. Inda taya ɗaya ta zame sai sauran su ja ta, inda rami ya buɗe baki sai ta taka leɓensa ta wuce. Tarwaɗa suna tashi da ruwan suna bugun cikinta ta ƙasa. A madubi ina hango kwaɗin suna biye da mu a guje, suna naɗe sawunmu tun bai huce ba. A baya kuma kujerar ta fara yi wa Iya tausa.

Iya ta zabura. "Wa ke taɓa ni?"

Motar ta ce, "Ni ce, Iya."

"To, madalla. Ɗan yi ƙasa kaɗan."

Gawasa ta bayyana. Ga rumbunan, ga rijiyar, ga dangar gidan da na tashi a ciki. An fito da gadon Yakumbo ƙofar gida, gadon kara, tana kwance a kai cikin baƙin zaninta. Ɗigon ruwa na ƙarshe suna tashi daga ƙasa, gadon kuma yana binsu a hankali. Ya riga ya bar ƙasa. Yakumbo ta kama bakin danga da hannu ɗaya tana riƙe, karan yana zamewa daga yatsunta.

Ta ce, "Kun daɗe. Hannuna ya gaji."

Na ja na tsaya dab da ita. A karon farko tsawon motar ya yi amfani, don gadon yana tasowa ya zo daidai taga. Iya ta tura ƙofa ta buɗe, ta saki ƙullinta ya faɗi, ta miƙa hannu waje.

Ta ce, "Yaya."

Yakumbo ta saki dangar ta miƙo nata. Tsakanin yatsunsu bai fi taƙi ɗaya ba. Gadon yana ci gaba da hawa. Ina so in matsa da motar, ƙafata ta ƙi samun totur. Motar kuwa sai ta fara ƙararta ta an bar ƙofa a buɗe, tin, tin, tin. Na ce ta yi shiru, ta ƙi. Tin, tin, tin.

Na buɗe ido a kan gadona, gari ya yi fari, har na makara sallar asuba. Ƙarar ba ta daina ba. Daga tsakar gida take zuwa.

Na fito ba ko takalmi. Jiya cikin ruɗewa ashe a ciki na bar makullin. Ƙofar baya a buɗe take. A gindinta ga turmin gidan a kife, ga sawunsa a ƙasa inda aka mirgino shi tun daga kicin. Iya tana zaune a kujerar baya, ƙullinta a cinya, mayafinta ya ɗan karkace, tana mayar da numfashi. Ban san tun yaushe take fama ba, ban kuma tambaya ba.

Na rusuna na ce, "Iya, ina kwana?"

Ta dubi bayan kujerar gabanta ta ce, "Lafiya lau. A yi salla a zo a tafi."

Na yi alwala na yi salla, na zura riga, na buɗe ƙofar gida. Da na dawo na rungumi turmin zan sa a but ɗin motar.

Ta ce, "A bar shi nan. Ba a zuwa dubiya da turmi."

Na ajiye. Na ce, "To in mun isa sai a aro wani a maƙwabta, saboda sauka."

Ta daɗe tana murza bakin ƙullinta da yatsa, tana kallon waje ta ɗaya tagar. Har na ɗauka maganar ta wuce, na kama murfin ƙofa.

Ta ce, "Ba sai an ara ba. Ai kana nan."

Na rufe mata ƙofar a hankali, ƙarar ta ɗauke.